Ciyaman a Kan Sikeli

Uwata,

Ina gaishe ki, ina gaida karatu da abokan ɗakinki. Mu nan lafiya lau, in aka cire hannuna na dama da mutuncina. Mamanki tana gaishe ki. Ni kam tun ranar Laraba ba ta gaishe ni ba.

Kin ga takarda maimakon kira, to ga dalili. Kin ce in riƙa auna miki tarwaɗa goma daga tankinmu na bayan gida kowane mako, saboda darasin nan da aka ɗora wa 'yan ajinku masu karatun halittu, na koya wa kwamfuta lissafi. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne ga mutumin da ya tsufa yana gyaran famfo. Sai kuma zuciya ta ce mini awo kaɗai bai isa ba, gara in haɗa da hoto, malamanki su ga irin uban da Allah ya ba ki. Kin san wayata tun bara ta bi bututu. Don haka na ari ta mamanki, ba tare da ta san na ara ba. Na hau bakin tanki, raga a hagu, waya a dama, na sunkuya. Wani kifi marar tarbiyya ya soke ni da ƙaya, na yi ihu, santsi ya kwashe ni. Na shiga, waya ta shiga, hula ta shiga. Hular ce kaɗai ta taso da kanta.

Mai gyaran waya ya buɗe ta, ya shinshina, ya ce in yi haƙuri. Mamanki ba ta ce in yi haƙuri ba.

Saboda haka wasiƙa za ki riƙa samu ta hannun kawunki direba, tunda motarsa tana bi ta ƙofar makarantarku. Lambobin awo kuwa, da zafin ruwa da yawan abincin da na zuba, zan riƙa kai wa mai shagon kwamfuta na bakin layi ya buga ya tura miki. Lamba kawai zan ba shi. Maganar gida ba za ta bi ta hannunsa ba, don abin da ya shiga kunnensa da safe, kafin azahar yana bakin mai shayi.

Kada ki damu da aikinki, na samo dabara. Akwai wani ƙaton kifi mai gutsurarren gashin baki, na raɗa masa suna Ciyaman. Shi ba ya gudu. Da ya ga inuwata sai ya taso, ya shiga raga da kansa, ya kwanta a kan sikelin mamanki kamar mai jiran likita. Sauran kuwa 'yan iska ne, da sun ga raga sai su nutse. To ni da Ciyaman muka yi shawara: tunda shi ne shugabansu, ya wakilce su. Ina auna shi, in mayar, ya dawo, in sake aunawa, har goma ta cika. Ban taɓa ganin shugaba mai juriya irinsa ba.

Ki ci abinci. Ki bar karatu da ciki wayam, ni na gwada, bai kai ni ko'ina ba.

Babanki

Baba,

Na samu wasiƙarka, na gode. Ina lafiya. Sannu da hannu, Allah ya kiyaye gaba. Ka wanke wurin da ruwan ɗumi, kada ka ɗaura masa tsumman gyaran famfo kamar yadda ka saba. Ka gaishe mini da Mama, ka kuma ba ta haƙuri da bakinka, ba da zolaya ba.

Labarin Ciyaman ya sa na yi dariya har abokiyar ɗakina ta karɓi takardar ta karanta. Ta ce da ma a ce ita ma tana da uba mai ƙirƙirar labari haka. Baba, ba ka rabo da wasa.

Ka tambaya tun kafin in taho me ya haɗa mai karatun kifi da kwamfuta. Ni ma na tambaya. Malaminmu ya ce yau duk wanda zai yi nazarin halitta sai ya iya sa kwamfuta ta yi masa ƙidaya, don lambobin sun fi ƙarfin biro. Darasin dole ne, wanda bai ci ba ba ya wuce wannan shekara. Kowa zai kawo awon wani abu mai rai, ya rubuta umarnin da zai sa kwamfuta ta karanta, ta fitar da matsakaicin nauyi da bambancin da ke tsakani. Wasu sun kawo na kaji, wasu na tsiron wake. Ni na ce ina da tanki, ina da uba.

Yanzu muna kan abin da ake kira zagaye. Ka ɗauka ka jera kifi goma a layi. Sai in rubuta mata: ɗauki na farko, rubuta nauyinsa, matsa gaba, ɗauki na biyu, haka har layi ya ƙare. In ka manta ba ka ce mata ta matsa gaba ba, sai ta tsaya a kan na farko ta yi ta ɗaukarsa. Ba ta gajiya, ba ta jin kunya. Waƙafi ɗaya ka ajiye ba daidai ba, sai ta yi maka jan rubutu ta ƙi motsi.

Fayil ɗin mai shago yana zuwa. Ya cakuɗa komai a dogon layi, zafin ruwa da abinci da nauyi, na duba sau ɗaya kaina ya juya, na bar wa kwamfuta ta tsince.

Ga lambar wayata a bayan takardar, ko za ka ari ta wani.

'Yarka

Uwata, Likitar Kifi,

Gaisuwa mai yawa. Hannu ya sace, ya kusa komawa girman ɗan'uwansa. Mamanki ta fara yi mini magana, amma ta hanyar kaji. Sai ta tsaya a tsakar gida ta ce musu, "Ku gaya wa mai nutso abinci ya sauka."

Na karanta bayaninki na zagaye sau biyu, na biyun da tabarau. Wallahi kwamfutar nan ta burge ni. A ba ka aiki ka tsaya a kansa, ba gajiya ba kunya, ai wannan halina ne sak. Da a zamaninmu akwai irinta, da ba ni kaɗai malamin lissafi zai riƙa kora waje ba. Kin san na bar makaranta a aji biyu na sakandare, ko in ce ita ta bar ni, har yau ba a tantance ba.

Na gaya wa 'yan majalisarmu ta ƙofar shagon tela cewa 'yata tana ba kwamfuta umarni. Tela ya ce shi ɗansa kwamfuta ce take ba shi umarni, tun safe har yamma yana sunkuye. Na ce to ka ga bambancin tarbiyya.

Ba zan kira ki da wayar aro ba. A waya kullum sai ki ce, "Baba ina aji." A takarda kuwa ba mai katse ni.

Awo yana tafiya daidai, ni da Ciyaman ba mu taɓa fashi ba. Ya ƙara ƙiba, har allurar sikeli tana rawa in ya hau. Ki gaya wa malaminku kifinmu suna girma kamar an busa su.

Babanki

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama. Jikina lafiya. Amma wannan wasiƙar ba ta dariya ba ce, don Allah ka karanta ta a zaune.

Na kasa. Na rubuta umarnin, yana tafiya, ba jan rubutu, amma abin da yake fitarwa shirme ne. Kowane mako lamba ɗaya yake jera mini sau goma, bambanci sifili. Mataimakin malami ya leƙa ta kafaɗata, bai ko zauna ba, ya ce, "Zagayenki bai matsa ba, kifin farko yake ta ɗauka. Kuskuren 'yan koyo ne." Ya wuce. Wanda ke kusa da ni ya yi dariya.

Na goge na sake. Na sake gogewa. Na kwafi misalin littafi harafi da harafi, na canza suna kawai, lamba ɗaya dai take fitowa. Kowa a ajin ya wuce wannan wurin, har masu zuwa aji don barci. Ban nuna wa kowa ba kuma, kunya ba ta bar ni ba.

Baba, ka san tun ina ƙarama nake tsugunawa bakin kwata ina kallon 'ya'yan kwaɗi, kana cewa za a yi likitar kwaɗi a gidan nan. Kifi na gane su, tsiro na gane shi. Wannan abin ne ba ni da kansa. In na faɗi, shekara ta tafi, kuma darasin yana nan yana jirana baɗi. Na karɓo takardar canza sashe, zan koma inda ba a taɓa kwamfuta. Ƙarshen watan nan ake rufe karɓa. Na cike, saura in miƙa.

Kai ka yi naka, kana shiga ruwa da ciwon baya saboda ni. Ni ce ban yi nawa ba. Kada ka gaya wa Mama tukuna.

'Yarka

Uwata,

Ba gaisuwa yau, sai daga baya. KADA KI MIƘA TAKARDAR NAN.

Wasiƙarki ta kwana a aljihun motar kawunki har ta yi launin man inji. Motar tana gareji, shi kuma ya manta. Ni ina nan ina gaya wa mutane shirunki na karatu ne. Jiya ya kawo ta yana sosa ƙeya, ga wata saura ƙiris ya ƙare. Na ari wayar tela na kira, ba ki ɗauka ba. Ba laifinki ba ne, ni na koya miki kada ki ɗauki baƙuwar lamba. Shi ya sa na haɗiye girman kai na zo shagon kwamfuta. Ina faɗa, yana bugawa, yana danne dariya, mutum uku masu jiran hoton fasfo suna saurare.

Da na fara karantawa, sai na ji haushin mataimakin malamin nan. Na ce wa mamanki, ji wani rashin ta ido, kwamfuta ta faɗi gaskiya ana zagin yarinya. E, na gaya mata. Kin ce kada in gaya mata, amma tana tsaye a kaina, kuma fuskata ba ta iya ɓoye ko satar nama. Ta ce wace gaskiya? Na ce lamba ɗaya sau goma mana, ai dama kifi ɗaya ne. Ta ajiye tsintsiya. Ta kalle ni irin kallon da ta yi mini ranar waya, har ya fi. Ta ce, "Yarinya ta ce maka kifi goma." Na ce ai na rubuta mata, yarinyar har dariya ta yi, na ɗauka ta yarda. Ta ce, "Wa ya taɓa sanin ranar da kake da gaske?"

Uwata, labarin Ciyaman ba labari ba ne. Shi nake aunawa. Shi kaɗai, tun ranar farko. Ni a tunanina kifi kifi ne, ruwansu ɗaya, abincinsu ɗaya, in ka san nauyin ɗaya ka san na sauran, kamar bututu 'yan inci guda. Ban san bambancin da ke tsakaninsu shi ne abin da kike nema ba.

Zagayenki yana matsawa. Ubanki ne bai matsa ba.

Ki buɗe fayil ɗin da idonki ki gani. In kin gama ki zage ni a zuci, na yafe tun yanzu. Amma kada ki miƙa takardar.

Mai shago ya ce in gaishe ki. Na ce masa ya buga abin da aka ce ya buga.

Babanki

Baba,

Saƙonka ya same ni. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya.

Takardar tana cikin jakata lokacin da na karanta, ofishin da ake miƙawa nake shirin zuwa. Na koma ɗakin kwamfuta, na buɗe fayil ɗin, na bi layin da yatsa ina tsallake zafin ruwa da abinci. Ga su nan. Lamba ɗaya, a jere, kowane mako.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi fushi. Na fita na zauna a kan matakala ban san tsawon lokacin ba. Makonni ina ganin kaina daƙiƙiya, ina tsallake abinci, ina guje wa ƙawayena. Abin da ya fi ba ni haushi, ko sau ɗaya ban zargi lambobinka ba. Kaina kawai na zarga. Wannan kuma nawa ne, ba naka ba.

Na ari awon kajin abokiyar ɗakina na ba umarnin nawa. Ya karanta tsaf, kowace kaza da nauyinta. Na farkon da na rubuta, wanda na goge ina kuka, shi ma daidai yake.

Na kai wa malaminmu komai, har wasiƙarka ta farko. Ya karanta wurin shawararku da Ciyaman, ya cire tabarau, ya daɗe yana goge ido. Ya ce umarnina ba shi da aibu. Ya kira mataimakinsa ya ce daga yau ya riƙa zama kafin ya yanke hukunci. Sannan ya ce mini ni ma daga yau in riƙa duba abin da zan ba kwamfuta kafin in ba ta. Ya nemi izinin nuna fayil ɗinka ga 'yan aji na baɗi. Na ce zan tambaye ka.

Amma ban ci ba tukuna. Ya ce awon kifi ɗaya ba awon tanki ba ne. Ya ɗaga mini ƙafa zuwa ƙarshen hutu, in kawo na gaskiya. In bai zo ba, faɗuwar tana nan.

To ga umarni, kuma ka bi shi yadda kwamfuta take bi, ban da dabara. Ka samo baho biyu. Ka kama kifi, ka auna, ka rubuta, ka sa shi a baho na biyu. Ba ya komawa tanki sai goma ta cika. Ka jefa raga ta kowane ɓangare, har ƙasa, ba wanda ya zo gaishe ka kawai ba. In lamba ta yi maka muni, ka rubuta ta da muninta. Mama ce za ta tsare baho na biyu.

Na ƙara layi ɗaya a umarnina. In ya ga lambobi duk iri ɗaya, sai ya tsaya ya rubuta: A DUBA, KO CIYAMAN NE.

Takardar canza sashe tana nan, ban yaga ba. Tana jiran awonka.

'Yarka

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri, wannan karon a natse. Mamanki lafiya, har ta yi ƙiba don daɗin muƙamin da kika ba ta. Ni ma lafiya, daga wuya zuwa sama.

An yi awo. Na rage ruwan tanki zuwa gwiwa, na naɗe wando na shiga. Ciyaman ya taso da fara'arsa, na auna shi sau ɗaya, na sa shi a baho na biyu. Bai gane ba. Ya yi tsalle zai koma bakin aiki, mamanki ta kifa masa faranti ta zauna a kai. Ta ce, "Wa'adinka ya ƙare."

Sauran tara sun nuna mini abin da ake kira aiki. Na bi su kusurwa kusurwa, na faɗi zaune sau biyu, an soke ni a hagu don ta yi daidai da dama. Tela da 'yan majalisa sun jeru a kan katanga suna ba da shawara, ba wanda ya cire takalmi. Tun daga ranar shagon kwamfuta ba mai kirana da sunana a layin nan. Har mai kayan miya "Sakataren Ciyaman" take ce mini.

Yanzu ga abin da ba na dariya ba. Uwata, sauran kifin ramammu ne. Wani da na ɗora a sikeli, allura ko gaisuwa ba ta yi masa ba. Kai babba, jiki kamar igiya. Kuma da ruwa ya ragu na ga ba su kai yawan da na zuba ba, ko kusa. Ba gawa, ba rami a tanki, ni na gina shi. Na dubi Ciyaman, ya dube ni. Duk wannan lokacin ina zuba abinci yana tare bakin, in bai ƙoshi ba ya haɗa da talakawansa, ni kuma ina auna shi ina cewa jama'a suna cikin wadata. Da ba don baho na biyun nan naki ba, sai ranar sayarwa zan tarar da kifi ɗaya da gashin baki ɗaya da rabi. Ki tambayi malaminku ko a ware shi daban, ko hakan zai ɓata miki lissafi. Ba zan taɓa komai ba sai kin ce. Kin ga na koyi darasi.

Lambobin suna wurin mai shago. Munana ne, ba biyu da suka yi kama. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin in ɗan gyara wa ƙaramin cikinsu don kada a raina gidanmu. Mamanki ta karɓe biron.

Maganar nuna fayil ɗina ga 'yan baɗi, na yarda. Makaranta ta kore ni ina yaro, ga shi da tsufa ta dawo da ni a matsayin abin koyarwa. Sharaɗi ɗaya: a gaya musu sikelin daidai yake.

Mamanki ta ce in tuna miki ki ci abinci, ta kuma ce in tuna wa kaina wayarta. Na ce mata layi ne, kowa zai samu.

Ke ce a gaba. Makonnin da kika yi kina zargin kanki, ba ni da sikelin da zai auna su, ba ni kuma da inda zan samo in mayar miki. Abin da nake da shi baya ne guda ɗaya, ya tsufa, da hannu biyu masu huda. Kowace Laraba har ƙarshen hutu za su shiga ruwan nan, kifi goma, kowanne da fuskarsa. Ki bar takardar nan a jaka in kina so, ba zan ce ki yaga ba. Ranar da kika yaga ta, ki aiko mini da guntun ta hannun kawunki, in ya ga dama ya kawo a shekarar.

Kafin nan, ki aiko da man zafi.

Babanki,
wanda ya matsa gaba